Allurar da Take Faɗuwa a Bakin Gari

A da, in babbar mota ta shigo gareji, abin da bakanike yake fara gaya wa direba shi ne kada ya kashe ta. Sai ya zagaya ta yana saurare, ya dafa murfin inji, ya zaro sandar mai, ya murza abin da ya biyo ta tsakanin yatsu biyu, ya shinshina. Kafin ya taɓa sifana ya riga ya san rabin ciwon. Yanzu kuwa ina zaune a bencina a Gyadi-Gyadi ina kallonku, ku samarin da kuka gaji wurin. Mota ta zo, a ɗauko 'yar na'ura a soka a ƙarƙashin sitiyari, lamba ta fito, a duba waya a ga abin da lambar take nufi, a aika Ƙofar Ruwa a sayo kaya. Kwanan baya ɗayanku ya ce min, yana dariya, wai kanikancin yanzu ko mai shayi zai iya in an ba shi na'urar. Ban yi musu da shi ba. Na'urar tana da amfani, da ta same ni da sauran ƙarfina da ni ma na saya. Sai dai ita ma abin da aka gaya mata take faɗa. Ni kuwa na daɗe ina mamakin yadda magana take canzawa tsakanin inji da idon direba, tafiyar da ba ta fi ta daga ɗaki zuwa zaure ba.

A Kumasi na koyi aiki, wurin wani dattijo Ba'ashante da muke kira Wofa, wato kawu da yarensu. Na daɗe a hannunsa ba abin da nake yi sai wanke hanyoyin mai. A sauke inji, a wargaza shi, a ba ni kananzir da 'yar waya mai gashi, in bi kowane rami da baƙin mai yake bi daga kasko zuwa famfo, daga famfo zuwa mital, wato ƙarafan nan masu santsi da karanshaf yake juyawa a kansu. A lokacin gani nake wulaƙanci ne. Daga baya na gane taswira yake zana min a ka. Motocin wancan zamani agogon mansu ba ruwansa da waya. Wani siririn bututun jan ƙarfe ne yake tasowa daga jikin inji ya huda ya shigo kan mota, mai na gaske ya biyo shi har bayan agogon ya tura allura. In bututun ya fashe, ba sai an gaya wa direba ba, a ƙafarsa zai ji ɗumi. Motocin da suka biyo baya aka cire bututun, aka ɗaura wani ɗan ƙarfe a jikin inji, wanda muke ce wa suwic ɗin mai. Shi ne yake jin ƙarfin man, ya aika da labari ta waya. Wofa bai taɓa yarda da su ba. Yakan ce da can mai da kansa yake zuwa gaisuwa, yanzu aike yake yi.

Bayan Kumasi na yi Ikko, na yi Garwa, na yi Injamena, na kuma bi motocin hamada daga Agadas zuwa arewa ina bakanikensu na hanya. Ko'ina da yadda direbobi suke zama da agogon mai. Na Ikko ba sa kallonsa sai sun ji ƙara, lokacin kuwa an gama. Na Injamena suna ce masa mano, da Faransanci, kuma in ya yi musu abin da ba su so sai su ƙwanƙwasa gilashinsa da zobe har ya faɗi abin da suke son ji. Buzayen Agadas su ne suka fi ba ni sha'awa. Ido ɗaya a rairayi, ɗaya a allura, in ta motsa ko kaɗan a tsaya, domin a can injin da ya buga kabarin mutanen da ke kan motar ne. A Injamena wani maƙeri ya yi min ɗan ƙarfen tagulla mai baki biyu, wanda ake ɗaurawa a gurbin suwic a haɗa agogo biyu lokaci guda. Shi da tsohon agogona mai bututu, na Kumasi, su ne kayan aikin da ban taɓa ba kowa aro ba.

Na dawo Kano na kafa rumfa a nan bayan titin Zariya, sai ga shekarun wahalar mai na ƙarshen mulkin soja. Ku da kuka ji labarin layin fetur kuna zaton shi ne duka wahalar. Mu a gareji baƙin mai ne ya kashe mu. Mutane suka shiga tara wanda aka juye daga inji, su tace da ƙyalle, su dafa, su zuba a galan mai kyau su liƙe bakinsa kamar daga kamfani. A ido ba ka gane shi, sai ya yi zafi ya koma kamar ruwan shayi. Injuna suka yi ta bugawa. Garejin nan ya cika da motoci a kan duwatsu, masu su ba halin gyara, mu ba aikin yi sai gadi. Abin da ya fi lalacewa a shekarun nan shi ne tsakanin mai mota da direba. Duk injin da ya yi tari, sai a ce direba ya sayar da man kirki ya zuba na bakin titi. Wasu sun yi. Da yawa ba su yi ba, amma ba yadda za su wanke kansu.

A cikin wannan hali aka buga gangar siyasa, sojoji suka ce za su koma bariki. Nan da nan duk motar da take iya motsi ta sami aiki, domin 'yan takara suna neman abin da zai kwashi magoya baya zuwa ƙauyuka. A lokacin ne wata gingimari mai bodin katako ta shigo min wata ranar Laraba da hantsi. Direbanta Buba ne, wani Bafulatani daga ƙauyukan Gaya da yake haya a Darmanawa, mutum mai ƙarancin magana, wanda yakan share kan motarsa kamar ɗakin amarya. Motar ta Hajiya Laraba ce ta Babban Giji, 'yar kasuwar hatsi, wadda ba a yi mata wasa da dukiya. Ta ba da motar haya ga mutanen wani ɗan takara.

Buba ya sauko ya gaishe ni ya tsuguna, bai tashi ba.

"Baba, ranar Asabar za a sauke injin nan. In an sauke, Hajiya ta ce in ajiye makulli."

"Me ya yi?"

"Allurar mai ce take faɗuwa. Muna kan hanya lafiya lau. Da mun zo bakin gari na rage gudu, sai ta kwanta. Ni kuma sai in kashe mota."

"A tsakiyar ayari?"

"To ya zan yi, Baba? In bar shi ya buga?"

Abin da ya faru ke nan a kusan kowace fita. Ayarin ɗan takara yana shiga gari, ana kiɗa ana ɗaga hannu, sai motar Buba ta tsaya cik da mutane a bayanta, motocin baya su yi ta oda. Masu hayar suka kai ƙara wurin Hajiya. Ita kuma ta kira bakanikenta, Malam Garba na Tarauni, abokina ne, kuma ya san aikinsa. Ya canza suwic, ba ta daina ba. Sai ya faɗi abin da kowane bakanike zai faɗa: allurar da take tsayawa a guje ta faɗi a silo, wato a mafi ƙarancin jujjuyawar inji, in inji ya yi zafi, mital ne ya cinye. Ni ma da a shayi aka ba ni labarin haka zan ce. Da Hajiya ta tambayi abin da yake cinye mital a injin da bai tsufa ba, aka ce mugun mai. Wa yake sayen mai? Buba.

"Wallahi Baba, ko ɗigo ban taɓa canzawa ba. A gabana ake fasa galan."

Na ce ya bar rantsuwa, ya tayar da ita.

Na bar injin ya yi zafi sosai, har murfinsa ba ya dafuwa, sannan na sa shi a silo. Allura ta sauko kaɗan, kamar yadda ya kamata, ta tsaya. Na kashe, na cire suwic, na ɗaura agogona mai bututu. Ƙarfin man lafiya. Na kwance filta na yanka ta na baje takardar cikinta a rana, domin mital in yana cinyewa yakan bar ƙyalƙyali kamar garin zinariya. Babu. Na sa sabuwar filta, na mayar da suwic, aka tayar, na kafa sukudireba a jikin inji na sa ƙotarta a kunne. Ƙarar tana tafiya sumul, ba wani bugu daga ƙasa. Na sa Buba ya zagaya da ni ta Unguwar Gano muka dawo, muna tafiya kamar masu rakiyar gawa, ko za ta faɗi. Ta ƙi.

A nan abin ya fara ba ni sha'awa. Mital ɗin da ya cinye ba ya warkewa don ya ga bakanike. In silo da zafi ne suke kayar da allura, ga silo ga zafi, me ya hana ta? Kuma me bakin gari yake da shi wanda bakin garejina ba shi da shi?

Da la'asar na taka zuwa rumfar Malam Garba, domin ba a shiga aikin abokin sana'a ta bayan gida. Na same shi yana wanke hannu zai yi alwala.

"Ɗan Kumasi, an kawo maka ƙarata ke nan?"

"An kawo min mota dai. Garba, ka taɓa ganin allurar nan ta faɗi da idonka?"

Ya goge hannu.

"Da idona, a'a. Amma Buba ba ya ƙarya a kan wannan. Kuma mutum nawa ne suka ga motar ta tsaya?"

"Ni ma na yarda tana faɗuwa. So nake in gan ta tana faɗuwar. Gobe suna da fita Wudil, zan bi su."

"Kai da siyasa? To, a dawo lafiya. Ka ɗaga mana hannu. Amma ka sani Hajiya ta riga ta sa an kawo mital, ranar Asabar da safe zan ɗora ceni in sauke injin."

Washegari da sassafe na ɗaura ƙarfen nan mai baki biyu, suwic a baki ɗaya, bututuna a ɗayan. Na zaro bututun ta ƙarƙashin ƙofa na ɗaure agogona da roba a gefen na motar, allura biyu suna kallon direba. Ina cikin haka sai ga wani gajere mai faffaɗar hula ya iso a kan babur, da wani baƙin akwati a cinyarsa da buhun kaset. Wannan shi ne Modu, Babarbare mazaunin Unguwar Gano, mai lasifika. Shi ne masu hayar suka ɗauka ya riƙa sa waƙoƙin ɗan takara. Lasifikokin suna ɗaure a kan rufin mota, amma akwatin da yake ba su murya kullum da shi yake kwana, don ɓarayi. Ya shigo ya ajiye shi a ƙarƙashin kujera, ya jawo wasu wayoyi biyu da suke naɗe a lungu ya haɗa. Na gani, ban kuma kawo komai a raina ba.

"Bawana, an kwana lafiya?" in ji shi ga Buba. "Yau a wane gari za mu yi kiwo?"

"Rufe mana baki, Babarbare. Da wuƙa aka rubuta maka suna a fuska don kada ka ɓata."

"Baba, ka ga mutumin nan? Saniya ya iya. Ita ce in ta ga kasuwa take turjewa. Mota kuwa ba ta san kunya ba."

Buba ya tayar da mota. Mutane suka cika bayan mota da tutoci, muka bi ayari ta titin Maiduguri.

Daga Mariri har muka yi nisa, allurar nan biyu tafiya suke kamar tagwaye. In Buba ya taka totur su hau tare, in ya saki su sauko tare. Modu yana ta zuba, yana ba ni labarin yadda ya taɓa sa waƙar wani ɗan takara a taron abokin hamayyarsa, ya sha da ƙyar ta bayan masallaci. Na gwada shi da ɗan Barbarcin da na tsinta a hanyar Injamena, ya ce Barbarcina irin na masu sayen kifi ne. Ni dai idona yana kan gilashi.

Muka doso Ladin Makole. Yara suka fara fitowa bakin titi, motocin gaba suka rage gudu, Buba ya sauko da giya. Modu ya sunkuya ya murɗa wani abu, kiɗa ya fashe a kanmu har rufin yana rawa. Allurar motar ta sulale ta kwanta a ja.

Tawa ba ta motsa ba.

Hannun Buba ya riga ya kai ga makashin inji. Na riƙe shi.

"Kada ka kashe."

"Baba, ta faɗi!"

"Waccan ta faɗi. Dubi wannan. Wannan mai ne da kansa a cikinta."

"In ya buga fa?"

"In ya buga ni na buga shi, ga Modu shaida. Ci gaba."

"Ni ban ga komai ba," in ji Modu, "kada a sa ni a shari'ar Fulani."

Buba ya ci gaba, gumi yana bin wuyansa, bakinsa yana motsi da addu'a. Muka ratsa kasuwa a hankali, allura ɗaya tana cewa inji ya mutu, ɗaya tana cewa lafiyarsa ƙalau. Rabin aikin ya ƙare ke nan, na san ba mital ba ne. Amma ni sauran rabin ne ya hana ni sakat. Me yake kayar da ita? Na duba ko jijjigar ramuka ce take girgiza wata waya. Titin ba rami. Na sa Buba ya taka totur a furi, wato ba giya, tawa ta hau, ta motar ta ɗan ɗaga kai ta koma. Na matso da fuskata kusa da gilashin. Sai na ga allurar ba kwance take shiru ba, rawa take yi kaɗan-kaɗan. Na daɗe ina kallon rawar kafin in lura tana tafiya daidai da kalangun da yake dukan kunnena.

Ina cikin wannan sai kaset ya ƙare. Modu ya zaro shi yana neman wani a buhu. A cikin shirun nan, mota tana nan tana jan ciki a tsakiyar mutane, silo bai canza ba, zafi bai canza ba, allurar ta tashi tsam ta koma wurinta kusa da tawa.

"Modu, sa kaset."

Ya sa. Ta kwanta.

"Kashe."

Ta tashi.

Buba ya dube ta, ya dubi Modu, ya sake dubanta.

"La'ilaha illallahu. Ashe kai ne."

"Ni kuma? Ni da ko sitiyari ban taɓa ba! Baba, gaya masa waƙa ba ta shan mai."

Abin da ya sa ba wanda ya gane tun farko shi ne hankalin Buba da kansa. Ba a kunna lasifika sai a bakin gari, inda dole ya rage gudu. Da allura ta faɗi yake kashe inji, da inji ya mutu Modu yake kashe kiɗa don kada batir ya ƙare. A tayar, a ga allura lafiya, a bi ayari a guje, a iso taro, a kunna kiɗa, ta sake faɗuwa. Bai taɓa barin ta a kwance ba har kaset ya ƙare. A gareji kuwa akwatin yana gidan Modu.

A Wudil, mutane suna can filin taro ana jawabi, ni ina kwance a ƙarƙashin sitiyari ina bin wayoyin Modu. Ɗaya ya kai ta batir, wannan ba laifi. Ɗayar, wadda wuta take komawa ta cikinta, ya ɗaure ta a wata ƙusa da ya gani a bayan agogunan, domin ita ce mafi kusa da hannunsa. A ƙusar nan agogon mai yake mayar da tasa wutar. Na shiga ƙarƙashin mota. Kan babbar mota a kan roba yake zaune, don haka akwai wata kitsattsiyar waya mai faɗi da take haɗa shi da shasi, ta nan duk wutar cikin kan take komawa batir. Na same ta ta yi kore, ruwan batir da na wanki sun cinye ta, saura 'yan silla. Sillan nan sun ishi agogo, domin wutarsa ba ta da yawa. Fitilun gaba suna da tasu hanyar, shi ya sa ba su taɓa tona asirin ba. Amma akwatin Modu mayunwaci ne. Kamar gida biyu ne masu kwata ɗaya, ta kuma toshe. In ƙaramin gida ne kaɗai yake zubar da ruwa, yana wucewa. Ranar da babban gida ya yi wanki, sai ruwa ya dawo tsakar gidan ƙaramin.

Da na so, a nan Wudil zan gyara, aikin bai fi na shan shayi ba. Ban gyara ba. In na gyara, abin da zan kai wa Hajiya baki ne kawai, bakin bakaniken da direba ya nemo da kansa.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ni da Buba da Modu muka kai motar ƙofar gidanta a Babban Giji. Na aika aka kira Malam Garba. Hajiya ta fito zaure da mayafi da carbi a hannu, ta amsa gaisuwata, ba ta dubi inda Buba yake ba.

"Malam, an ce ka bi motata yawon siyasa."

"Na bi, Hajiya. Na zo ki ga wani abu da idonki. Sai dai sai kin hau."

"In hau wannan? Da wace gwiwar?"

Aka fito da turmi aka kifa, aka kawo benci, da ƙyar da salati ta hau ta zauna a kujerar direba. Malam Garba ya tsaya a kan matakala. Buba ya tayar da inji daga gefe. Na nuna mata allurar, na ce wannan ita ce ake shari'a a kanta. Sannan na ɗaga wa Modu hannu.

Kiɗa ya tashi a layin nan, awaki suka watse, yara suka fito da gudu suna zaton ɗan takara ne ya zo rabo. Allura ta kwanta. Modu ya kashe, ta tashi.

Hajiya ta gyara zama. Ta miƙa hannu.

"Ina abin murɗawar? Kawo nan. Kada wani ya taɓa komai."

Da hannunta ta kunna, ta kashe, ta kunna, ta rage murya ta ga allurar ta tsaya a rabi, ta ƙure ta ga ta kwanta. Ta daɗe tana yi, maƙwabta sun cika ƙofar gida. Malam Garba ya sauka ya shiga ƙarƙashin mota da rigarsa ta Juma'a, na nuna masa kitsattsiyar wayar. Ya taɓa ta da yatsa, silla ɗaya ta tsinke.

"Ikon Allah," in ji shi. "Ɗan Kumasi, da gobe war haka na baje injin nan a tabarma ina neman abin da babu." Ya fito yana kakkaɓe riga. "Hajiya, a mayar da mital ɗin nan. Injinki ba abin da ya same shi."

"To man fa?"

Na miƙa wa Malam Garba takardar filtar da na yanka, ya duba ya ce, "Man da ya bar filta haka, mai kyau ne."

Aka taimaka mata ta sauko. Ta tsaya tana gyara mayafi, sannan ta juya wajen Buba, karo na farko.

"Amma dai ka kunyata ni, Buba. Gari nawa ka tsayar min da mota a tsakiyar mutane? Har gida aka zo ana gaya min magana."

Buba yana tsugune, kansa a ƙasa.

"Hajiya, allura ce ta ce babu mai."

"Ƙarya take yi."

"Ban san ƙarya take yi ba. In ta sake faɗa gobe, zan sake tsayawa."

Modu, wanda tun ɗazu yake neman inda zai sa baki ya wanke kansa, ya ce, "Ai Hajiya taurin kai ne da shi. Tun fitar farko na ce masa ya manna hoton ɗan takara a kan gilashin ya huta, mu wuce abinmu. Ya ƙi."

Hajiya ta juyo a hankali ta dube shi daga hula har takalmi.

"Ka ce ya rufe agogon?"

"Wato, Hajiya, don dai tafiya ta yi daɗi..."

"Da injina. Ya rufe agogo ya yi ta tafiya da injina." Ta juya. "Buba, makullin yana ina?"

"Yana jiki, Hajiya."

"To ya zauna a wurinka. Wannan kuma, in zai sake shiga motata, a bayan bodi zai zauna da akwatinsa, ya nemo batir ɗinsa."

"Bawana," in ji Modu, "ka ce wani abu mana."

"Ka ji abin da uwar ɗakina ta ce," in ji Buba. "Bayan bodi. Inda ake sa shanu."

Kafin la'asar na sa sabuwar kitsattsiyar waya, na kankare mazauninta har ƙarfe ya yi fari, na cire wayar Modu daga bayan agogo. Aka ƙure kiɗa, allura ko gezau. Buba ya ja motar nan har aka gama zaɓe, ya koma dakon hatsi da ita daga Dawanau, kuma yana kanta har ranar da Hajiya ta sayar da ita ta saya masa wata.

Lasifikar siyasa ita ce farko. Bayanta rediyo mai kaset ya shiga kowace mota, sai fanka, sai fitilun ado, sai abin cajin waya, kowanne da wanda ya ɗaura shi a ƙusar da ta fi kusa da hannunsa. Tun daga shekarar nan ban ƙara ganin babbar motar da ta shigo gareji da wayoyin da aka ƙera ta da su kaɗai ba. A da bakanike da mai wayarin sana'a biyu ne, kowa da rumfarsa, ba mai shiga aikin wani. Daga lokacin, bakaniken da bai san waya ba ya daina iya gama aiki shi kaɗai.